Rige-rige a hanyar farfaɗowa: nazarin wani direban katin rezo da ke ƙamewa a Damagaram

Lamarin ya shafi kwamfuta guda ɗaya a wata cibiya mai zaman kanta da ke koyar da aikin ofis a Damagaram, ba nesa da kasuwar Dole ba, wadda aka ɗora wa nauyin raba intanet ga sauran injinan ɗakin karatu. Tana tafiya da tsarin Debian 12, wanda ya fito a 2023 ɗauke da karnel ɗin Linux 6.1, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa sassan injin, kuma hanyoyin rezonta biyu ne: ɗaya a jikin babban allon injin, mai fuskantar kamfanin da ke ba da intanet, ɗaya kuma kati ne da aka soka a gurbin PCI Express, mai fuskantar ɗaliban. Wannan kati na biyu na hannu ne, an sayo shi cikin kayan da ke shigowa ta hanyar Kano, kuma direbansa, wato manhajar da karnel ke sarrafa katin da ita, ba ya cikin karnel ɗin da kowa ke amfani da shi. Maƙerinsa ne ya saki rubutun direban a gefe, ana harhaɗa shi da wata manhaja mai suna DKMS duk lokacin da aka sabunta karnel.

Da zafin bazara ya kankama a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 da rana, sai rezon ɗakin karatu ya fara ɗaukewa tsakanin azahar da la'asar. Galibi yakan dawo da kansa cikin ƴan daƙiƙoƙi, har ɗalibai ba sa lura. Amma wani lokacin ba ya dawowa, kuma a irin wannan hali duk umarnin da ya taɓa rezo sai ya maƙale: a buga ip link, umarnin da ke nuna halin hanyoyin rezo, alamar rubutu ta tsaya cik, ko Ctrl da C ba sa fitar da ita, a ce injin ya sake tashi, shi ma ya tsaya a rabin hanya, sai an danne maɓallin wuta. Sau ƙalilan kuma injin ya faɗi gaba ɗaya da rubutun firgita a fuskar allo. Mai cibiyar ya fara zargin kuran, wato wutar lantarki, aka canza batirin ondilar, babu abin da ya sauya. Daga nan ya kira wani ma'aikacin rezo da ke duba injinan ofisoshi a gari, wanda ya zo da yaron da ke koyon aiki a hannunsa.

Abu na farko da ma'aikacin ya yi shi ne neman hanyar da bayanan karnel za su tsira daga faɗuwar injin, domin duk lokacin da aka danne maɓallin wuta layukan ƙarshe, waɗanda su ne masu amfani, ba sa kaiwa ga faifai. Ya kunna netconsole a kan hanyar rezo ta jikin allo, wadda lafiyarta ƙalau, ya sa ta riƙa tura kowane layi zuwa wata ƙaramar kwamfuta da ke gefe. Abin da aka tara ya nuna tsari iri ɗaya a kowane karo. Da farko ƙananan kurakurai masu gyaruwa, irin su RxErr da BadTLP, suna ta zuba daga gurbin katin, alamar cewa saƙonni na lalacewa a kan layin da ke tsakanin kati da allo ana sake aiko su. Sai kuma layi guda mai cewa an sami kuskure marar gyaruwa mai kisa. Bayansa ko dai a ga saƙon cewa farfaɗowa ta yi nasara, ko kuma shiru, sai bayan minti biyu karnel ya fara kukan cewa wani aiki ya toshe fiye da daƙiƙa 120.

Tushen kuskuren farko bai ɓoyu ba da aka buɗe akwatin. Ƙurar hunturun da ya wuce ta yi kauri a cikin gurbin, fankar baya ta daina juyawa, kuma ba a ɗaure ƙarfen katin da kusa ba, don haka nauyin waya yana ɗan karkatar da shi. Sai dai wannan ya bayyana dalilin yankewar layi ne kawai. Bai bayyana dalilin da ya sa injin ke farfaɗowa sau da yawa amma ya ƙame wani lokaci ba, alhali kuskuren iri ɗaya ne, kuma a nan ne nazarin ya koma kan rubutun direban.

Linux yana da tsararriyar hanya ta ceto na'urar PCI da ta sami matsala. Asalinta daga injinan POWER na IBM ne, inda Linas Vepstas ya rubuta bayaninta, sannan injiniyoyin Intel suka kawo sashen AER, mai karɓar rahoton kurakurai ya jagoranci farfaɗowa, a 2006 domin injinan da ke da PCI Express. Direba yakan ba karnel jerin ayyukan da za a kira bi da bi. Ana fara kiran error_detected a gaya masa halin da layin ke ciki, ko yana aiki, ko ya daskare, ko ya mutu har abada, shi kuma ya dakatar da komai ya amsa cewa yana buƙatar a sake tayar da gurbin. Karnel ya sake tayar da layin, ya kira slot_reset domin direba ya mayar wa katin saitinsa, a ƙarshe ya kira resume domin a ci gaba da aiki. A duk waɗannan kiraye-kiraye karnel yana riƙe da makullin na'urar, wanda ke hana a ɗora direba ko a cire shi a daidai lokacin. Abin da wannan makulli bai hana ba shi ne sauran hanyoyin da ke cikin direban kansa, kuma marubutan wannan direba sun yi aiki kamar ya hana.

Hanyoyin da ke iya taɓa katin a lokaci guda sun kai huɗu. Akwai hanyar AER da aka bayyana. Akwai agogon tsaro na sashen rezo, wanda idan layin aikawa ya tsaya na daƙiƙa 5, in direba bai sa wani adadi ba, yakan kira direba ya ce masa katinsa ya maƙale. Akwai agogon direban kansa da ke leƙa rijistar halin kati duk bayan daƙiƙa 2. Akwai kuma mutum, ko wata manhajar kula da rezo, da ke iya rufe hanyar ko buɗe ta a kowane lokaci. Agogunan biyu ba sa iya yin gyara da kansu, domin suna gudana a yanayin da ba a yarda a yi barci ba, saboda haka sukan jefa wani aiki mai suna reset_task a layin jira, wani zaren karnel, wato ɗaya daga cikin ayyukan da karnel ke gudanarwa a bayan fage, ya ɗauka ya aiwatar daga baya, watakila a kan wani kan firosesa dabam, tun da firosesa na da kawuna da dama masu aiki a lokaci guda.

Abin da ya sa haɗuwarsu ba tsautsayi ba ne shi ne cewa kuskure ɗaya ne ke tayar da su duka. Idan layin PCI Express ya yanke, duk karatun da firosesa ya yi daga katin yakan dawo da 0xFFFFFFFF, wato kowane bit ya zama ɗaya. Agogon direban bai san wannan alama ba. Yana karanta rijistar sai ya ga duk tutocin matsala a ɗage, ya yanke cewa kati ya rikice, ya jefa reset_task a layi, a daidai lokacin da AER ke shirin kiran error_detected saboda wannan yankewar dai. Kamar magina biyu ne aka aika kowanne da umarnin ya rushe ɗaki ɗaya ya sake gina shi, ba a gaya wa ɗaya labarin ɗaya ba: idan sun zo a jere aiki ya yi kyau, idan sun haɗu sai wani ya riƙa jera tubali wani yana ture shi.

Direban yana da abin da marubutansa suka ɗauka kariya ce, wata tuta mai suna resetting. Aikin reset_task yakan duba ta, in ba a ɗage take ba ya ɗaga ta ya ci gaba. Wannan dubawa da ɗagawa matakai biyu ne, kuma tsakaninsu akwai tazarar da wani kan firosesa zai iya shiga ya ga tutar a ƙasa shi ma. Amma ko wannan rauni ba shi ne babba ba, domin error_detected ba ya duba tutar sam, kuma ba ya ɗaukar rtnl_lock, babban makullin da sashen rezo ke riƙewa duk lokacin da ake buɗe hanya, rufe ta, ko canza saitinta. Yana shiga kai tsaye ya kira aikin saukar da kati: ya tsayar da NAPI, wato tsarin da ke kwashe fakitocin da suka iso, ya saki layin katsewa, wanda kati ke kiran firosesa ta kansa, ya mayar da zobban ma'adanar da katin ke rubutu a cikinsu.

Daga nan aka gane fuskokin matsalar biyu. Ta farko, wadda ta fi yawa, tana faruwa idan error_detected ya riga. Ya tsayar da NAPI ya fita, karnel ya shiga sake tayar da layin. Cikin wannan tazara reset_task ya farka, ya ɗauki rtnl_lock, ya kira napi_disable a karo na biyu. A wannan karnel, kira na biyu ba ya dawowa sai wani ya sake kunna NAPI, yana nan yana ɗan barci yana farkawa yana dubawa. Wanda zai kunna shi kuwa shi ne resume, kuma resume na wannan direba yana buƙatar rtnl_lock kafin ya tayar da kati, makullin da ke hannun mai jiransa. Sai suka yi cirko-cirko, kuma tun da makullin na dukan sashen rezo ne, har hanyar da ke jikin allo ba a iya taɓa saitinta, abin da ya bayyana maƙalewar ip link da ta sake tashin injin. Akwai wani abu a nan da ya ɓatar da yaron da farko. Saƙon daƙiƙa 120 yana ambaton waɗanda ke jiran makulli ne, bai ambaci mai riƙe da shi ba, domin shi yana farkawa a kai a kai, karnel ba ya ganinsa a matsayin wanda ya toshe. Yaron ya ce, "Malam, ai ga mai laifin nan, sunansa ya fito." Ma'aikacin ya ce masa ya sake dubawa, wanda ya fito ɗin mai jira ne a bakin ƙofa, sai an nemi karnel ya zayyano inda kowane zare yake ta hanyar SysRq, wato umarnin gaggawa da ke isa ga karnel kai tsaye, kafin a ga wanda ke ciki.

Fuska ta biyu ta fi wuyar aukuwa kuma ta fi muni. Idan reset_task ne ya riga, ya saukar da kati ya fara tayar da shi, sai error_detected ya iso ya tsaya a napi_disable yana jira. Direban yana kunna NAPI kafin ya gama cika zoben karɓa, don haka da zarar ya kunna, mai jiran ya kuɓuta ya wuce ya mayar da zobban, shi kuwa na farko yana ci gaba da rubutu a ma'adanar da ba tasa ba ce kuma. Wani sashe na karnel da bai san komai ba zai karɓi wannan wuri, a ɓata masa bayanansa, injin ya faɗi daga baya a inda babu sunan direban ko kaɗan.

Duk wannan karatu ne na rubutu, kuma karatu ba hujja ba ne sai an iya jawo matsalar da gangan. Jiran zafin rana bai isa hanyar gwaji ba. Ma'aikacin ya ɗauki katin zuwa wani injin a shagonsa, ya harhaɗa karnel na gwaji da lockdep, mai bin diddigin jerin ɗaukar makullai wanda Ingo Molnar ya kawo a 2006, da KASAN, mai kama taɓa ma'adanar da aka riga aka mayar, wanda ya shiga Linux 4.0 a 2015, da kuma sashen da ke ba manhajar gwaji ta aer-inject damar cusa kuskuren ƙarya. Kuskuren ƙarya yana da iyaka: karnel yakan bi duk matakan farfaɗowa, amma katin lafiyarsa ƙalau, rijistarsa ba ta dawo da 0xFFFFFFFF, don haka agogon direba ba ya tsorata. Sai ya ƙara wata ƴar ƙofa ta debugfs, wurin da karnel ya keɓe wa masu gwaji, da ke jefa reset_task da hannu, ya kuma sa jinkirin ƴan milidaƙiƙa bayan kunna NAPI domin tazarar ta faɗaɗa. Da iperf3, manhajar auna gudun rezo, yana cika layin da kaya, fuskokin biyu suka riƙa fitowa yadda ake so. KASAN ya nuna ta biyu da sunan aikin da ya mayar da zoben da na wanda ya taɓa shi bayan haka. Ta farko kuwa lockdep bai ce komai a kanta ba, domin abin da napi_disable ke jira tuta ce, ba makullin da yake lissafi ba, kuma wannan ya isa ya nuna cewa shirun kayan gwaji ba shaidar lafiya ba ne.

Gyaran farko da yaron ya kawo shi ne wanda kusan kowa zai fara kawowa: error_detected ya ɗauki rtnl_lock, sannan ya kira cancel_work_sync domin ya soke reset_task ko ya jira shi ya gama. A gwajin farko lockdep ya yi kururuwar cewa akwai zagayen dogaro. Idan reset_task ya riga ya fara yana jiran rtnl_lock, mai riƙe da makullin kuma yana jiran ya gama, an koma gidan jiya da sabon cirko-cirko. Ƙa'idar da ta fito a nan ita ce ba a jiran ƙarewar wani aiki alhali ana riƙe da makullin da aikin ke buƙata.

Gyaran da ya tsaya ya ginu ne a kan jeri. Da shigar error_detected sai ya ɗaga tutar da ke cewa ana cikin farfaɗowa, ya kira netif_device_detach, wanda ke tsayar da layukan aikawa, ya rufe bakin agogon tsaro na sashen rezo, ya kuma sa karnel ya ƙi duk wani yunƙurin buɗe hanyar. Sannan, ba tare da rtnl_lock a hannu ba, ya kashe agogon direba ya jira reset_task da cancel_work_sync. Sai bayan haka ya ɗauki makullin ya saukar da kati, kuma saukarwar kanta aka ɗaure ta da test_and_set_bit, wanda ke dubawa da ɗagawa a mataki ɗaya da ba ya rabuwa, ta yadda duk wanda ya zo na biyu zai tarar an riga an yi ya juya. A ɓangaren reset_task, dubawar tuta ta koma bayan ɗaukar makulli, domin abin da aka gani kafin a riƙe makulli yana iya canzawa kafin a yi aiki da shi. An bar wata dubawa a cikin agogon kansa don kada ya sake jefa aiki a layi, amma wannan rage hayaniya ne kawai, tabbacin yana wurin dubawar da ke ƙarƙashin makulli. Sabbin karnel daga 6.10 suna da disable_work_sync, mai soke aiki ya kuma hana a sake jefa shi, wanda da ya rage wannan wahala, amma babu shi a 6.1.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, sai dai kowanne yana toshe wata kafa. Duk inda direba ke zagaye yana jiran kati ya amsa an sa masa iyaka da duba pci_channel_offline, mai faɗin ko layin ya yanke, in ba haka ba reset_task da ya riga ya shiga zai daɗe yana magana da katin da ba ya ji, mai jiransa ma ya daɗe. Agogo ya koyi cewa 0xFFFFFFFF na nufin babu kati a layi. An mayar da kunna NAPI bayan cika zobe. Aikin resume yana duba netif_running, mai faɗin ko hanyar a buɗe take, a ƙarƙashin makulli kafin ya tayar da komai, saboda mutum na iya rufe hanyar a tsakiyar farfaɗowa, kuma bai kamata a tayar masa da abin da ya rufe ba. Idan kuma karnel ya ce layin ya mutu har abada, direba yana amsawa da cewa a yanke shi, ba ya neman a sake gwadawa.

Da aka kai wa mai cibiyar bayani, tambayarsa ta kasance mai ma'ana. Ya ce, "To Malam, in ƙura ce, a share mana, in kuma katin ne, a sayi wani, me ya kawo duk wannan?" Ma'aikacin ya amsa, "Gaskiyarka Alhaji, an share, an ɗaure, an sa sabuwar fanka, kuma in za a sayi wani, a sayi wanda direbansa ke cikin Linux tun asali. Amma hunturu zai dawo, kuma ranar da layin ya sake yankewa, wannan rubutun ne zai yanke ko ɗalibai su jira daƙiƙa kaɗan ko a kashe injin." A ganina duka biyun suna da gaskiya, kuma ta fuskar kuɗi shawarar Alhaji ta fi sauƙi ga cibiya irin wannan. Direbobin da ke cikin karnel su ma an sha samun irin wannan rige-rige a hanyoyinsu na farfaɗowa, bambancin shi ne akwai idanu da yawa a kansu kuma gyara yakan iso tare da sabuntawa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne shawarar da wani ya kawo ta a tayar da injin da pci=noaer. Wannan yana hana karnel jin kuskuren ne kawai. Rige-rigen da AER zai ɓace, amma layin zai ci gaba da yankewa, kuma babu mai sake tayar da gurbin idan ya daskare.

An mayar da katin gurbinsa da direban da aka gyara, aka ajiye facin, wato rubutun gyaran, a cikin bishiyar DKMS domin ya bi kowace sabuntawar karnel, aka kuma aika kwafinsa ga maƙerin. Ƙididdigar ƙananan kurakurai da ke cikin fayil ɗin aer_dev_correctable ta ragu ƙwarai bayan shara, ko da yake ba ta tsaya cak ba a ranakun da zafi ya tsananta, kuma yaron ne aka ɗora wa duba ta duk mako tare da hure akwatin. Hanya ɗaya ta rage ba a taɓa ba: canza girman zobba da ethtool, manhajar saita katin rezo, yana saukar da kati ya tayar da shi ta wani aiki dabam da bai san tutar farfaɗowa ba. Yana gudana a ƙarƙashin rtnl_lock, kuma babu mai amfani da shi a cibiyar, don haka aka rubuta shi a kan takardar da ke manne a jikin akwatin cewa kada a yi shi sai an bi ta kansa da aer-inject kamar sauran.